Igiyar Tuta

Ɗazu na ji ɗaya daga cikinku, wannan mai tabarau da bai daina shafa waya ba tun da kuka zauna, yana cewa aikin ƙungiyar karatu ba wani aiki ba ne, zama ne kawai a inuwa a karanta wa yara littafi a tashi. To madalla. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake da haƙora. Tunda an turo ku wurina in ba ku shawara kafin ku fara, ku gyara zama. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina wannan zaman inuwar don Allah, kuma abin da na tsira da shi shi ne sunan da kuka ji ana kirana, Asabe Mai-igiya. Na san kun ɗauka igiya nake sayarwa. Ƙosai nake sayarwa. Igiyar ta sata ce, za mu zo wurin.

A bakin ƙofar wata firamare da ke gefen Yelwa nake kafa kaskona. Karatu kuwa a ajin yaƙi da jahilci na koya, ba don kishin ilimi ba, sai don tsegumi: ina ƙunshe ƙosai a tsofaffin takardun 'yan makaranta, ina so in san abin da aka rubuta a ciki. Wata rana Malama Saratu ta kama ni ina karanta jarrabawar wani yaro ina dariya, ƙosai na ƙonewa. Malamar aji biyu ce, Bakambara, Kirista, 'yar gajeruwa, maganarta a wuni ba ta cika cokali ba. Ita ke tara yara ranar Alhamis bayan an tashi, a gindin mangwaro, ta karanta musu. Ta ce tunda ina da baki kuma ina da ido, in zo in taya ta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwatin ƙarfe ɗaya mai littattafan da ba su kai talatin ba, rabinsu gara ta riga mu karantawa. Tabarma biyu. Basilla da zare na ɗinke wanda ya ɓalle, da ƙaro da muke jiƙawa mu manna shafin da ya yage. Sai ƙwarya da gyaɗa mai ɓawo. Ranar farko na ɗauka gyaɗar ta taɓa ka lashe ce, na kai hannu, Malama ta buge shi. Ta ce duk akwatin nan babu abin da ya kai wannan ƙwaryar aiki.

Aikina na farko wani yaro ne mai cizon 'yan ajinsu. Malama ta ce in zauna da shi. Na zaunar da shi gabana, na kafa masa ido, na ce ya gaya mini abin da ke damunsa, ni kamar uwarsa ce. Na yi masa nasiha, na kawo labarin ƙanena, na kawo na maƙwabcinmu, na kusa kaiwa ga Annabi Ayuba. Yaro ya sunkuyar da kai har na gama, ya tashi ya je ya ciji wani. Malama ta ja ni gefe ta ce yaron ƙasar nan tun yana goye ake horonsa kada ya dubi babba a ido, ni kuma na ajiye shi a gabana kamar alƙali, ina jira ya yi mini bayani. Ta nuna mini yadda ake yi. Ki zauna gefensa, ku duka biyu kuna fuskantar kogi, ƙwarya a tsakaninku, kuna ɓarar gyaɗa. Kada ki tambaye shi komai. In hannu ya samu abin yi, baki yakan saki da kansa. Wani ƙwarya ɗaya ta ishe shi, wani sai ya ɓare miki rabin buhu kafin ya ce uffan. Abin da kuma ya faɗa cikin ƙwaryar, a nan yake zama, ba ya zuwa ofishin hedimasta, ba ya zuwa kasuwa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya, don a lokacin in na ji magana da hantsi, kafin azahar ta isa Ngaski. Da Malama ta ga shiru ba halina ba ne, sai ta ba ni magani: duk sa'ad da na ji nasiha ta taso mini, in cika bakina da gyaɗa. Shekarar farko na yi ƙiba.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne, kuma za ku gan su duka. Akwai mai zuwa don gyaɗa, wannan ba shi da wata illa, ciki ne ya kawo shi. Akwai mai son ya karanta da ƙarfi don a ji muryarsa, wannan zai zama ɗan siyasa, ku bar shi. Wanda za ku sa wa ido shi ne mai zama can bakin tabarma, ba ya taɓa littafi, ba ya kuma fashin zuwa. Ba labarin da ke cikin littafin ya kawo shi ba. Nasa ya zo da shi, yana neman inda zai sauke.

Yanzu igiya. Lokacin da aka samu mulkin kai, an aiko wa makarantarmu tuta da igiyarta, fara sol, ta auduga, mai santsi, doguwa ba ƙulli ko ɗaya, da ƙugiyar tagulla a baki. Hedimastanmu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ya fi son igiyar nan da wasu 'ya'yansa. Shi ke wanke ta da kansa. Da damina yakan kwance ta ya kai ofis kada ta yi sanyi. Ni dai ban ga abin da mulkin kai ya ƙara wa ƙosaina ba, amma na yarda mun samu igiya mai kyau.

Mugunyar shekara ita ce wadda aka toshe kogin Kwara a Kainji, ruwa ya taso ya zama tafki. Ya cinye gungu bayan gungu, wato tsibiran kogin, da gonakin albasa, da kaburbura. Aka kwashe mutanen tsibiran aka zuba su a sababbin ƙauyuka, a gidajen siminti da aka jera layi-layi, kowanne sak ɗan'uwansa, har maigida kan shiga gidan maƙwabci ya zauna yana jiran tuwo. Ɗaya daga ƙauyukan nan bai da nisa da mu, aka turo mana yaransu. Ban taɓa ganin tabarmarmu ta cika da masu zaman bakin tabarma kamar shekarar ba. Masu fitsarin kwance da girmansu, masu faɗa ba dalili, masu zama su ƙura wa ruwa ido. Gyaɗar da aka ɓare a gindin mangwaron nan ta isa a kafa matatsar mai.

A cikinsu akwai Tumba, 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya. Ta zo ba ta san ko harafi ba, cikin wata biyar ta karance akwatin, har da wuraren da gara ta ci, tana cike su da ka. Aibinta ɗaya: da an kaɗa ƙararrawar tara sai ta ɓace, ta dawo a makare tana haki. An yi mata bulala har an gaji, ba ta taɓa faɗin inda take zuwa ba.

Ran nan aka wayi gari ba igiyar tuta. Tutar tana nan an ninke ta da ladabi an ajiye gindin sanda, igiya ce kawai babu. Ga shi ana sa ran mai duba makarantu. Hedimasta ya tara yara ya yi jawabin da bai yi irinsa ba ko ranar mulkin kai. Ya ce ya ba da zuwa Litinin. In ba a fito da ita ba, kowane yaro zai rantse, Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da littafinsu, 'ya'yan masu gargajiya da aradu. Wanda aka kama kuwa bulala sha biyu a gaban kowa, sannan kora. A zamanin, kora daga boko kyauta ce ga yawancin iyaye. Amma sunan sata a kan 'ya mace ba ya wankuwa, da shi za ta tsufa.

Alhamis ɗin nan, bayan an watse, Tumba ba ta tashi ba. Ta matso ta zauna gefena, ta ja ƙwarya. Muka ɓare ta farko, muka ɓare ta biyu. Cikina wata bakwai a lokacin, bayana kamar zai tsinke, amma ban motsa ba. A ta uku, tana kallon tafki, ta ce:

“Inna Asabe, in mutum ya rantse bisa ƙarya, shi ɗai aradu ka faɗa ma, ko har da wanda ad kusa da shi?”

Nasiha ta taso mini har maƙoshi. Na dumbuzi gyaɗa na cusa a baki.

Sai magana ta fara zubo mata. Kakarta, wadda ake kira Inna Ige, ita ce ungozomar tsibirinsu, rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka faɗo. Shekara biyar ke nan ba ta gani, kuma duk duniya ba wanda ya sani sai Tumba, ko ɗan da ta haifa bai sani ba. A tsibiri ba ta bukatar ido. Ƙafarta ta san kowane dutse, hancinta ya san kowane gida, aikinta kuma dama na hannu ne. Da aka kawo su gidajen siminti, sai ta rasa gabas da yamma. Ko banɗaki ba ta iya kai kanta. Shi ya sa yarinyar ke gudu gida da tara, ta kai ta ta dawo da ita kamar suna hira. Igiyoyin ubanta kowace ya san ta, in ta ɗauka sai ya tambaya. Ta makaranta kuwa doguwa ce, ba ta cin hannu. Ta ɗaura ta daga ƙofar ɗakin tsohuwa zuwa banɗaki, ta yi shanya a kai don a ce ta shanya ce.

In ta faɗi gaskiya, asirin tsohuwa ya tonu, ba mai sake kiran makauniya karɓar haihuwa, girmanta da abincinta sun tafi tare. In ta yi shiru, ga aradu, ga kora. Ta gama ta ci gaba da ɓara, ba ta roƙe ni komai ba.

Ranar Juma'a na ɗauki igiyar rama tawa da ƙullin ƙosai na tafi ƙauyen kamar mai ziyara. Na shiga na ga abin da har yau in na tuna sai na yi dariya: igiyar da ta ɗaga tutar ƙasa ranar mulkin kai tana ɗauke da zanen tsohuwa biyu da wani ɗan tofi mai faci. Ni da Tumba muka sauke shanya, muka kwance ta, muna shirin ɗaura tawa. Daidai nan Inna Ige ta fito daga ɗaki, doguwa, kai a miƙe, ido a buɗe tar. Ta ɗaga hannu kamar mai taɓa shanya ta ji ko ta bushe. Hannu bai samu komai ba. Ta tsaya, ta yi taku ɗaya wajen turmi.

A nan na yi kuskuren da ya fi kowane girma a aikina, kuma da kyakkyawar zuciya na yi shi, irin wadda kuka zo da ita yau. Na yi wuf na kama gwiwar hannunta, na ce da ƙarfi, “Sannu Inna, bi a hankali, ga turmi nan gabanki.”

Ta fizge hannunta. “Ke ɗiyar wa? Wa yac ce miki ban ganin turmina?”

Na waiga, sai ga maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, katangar gwamnati da ba ta kai kafaɗa ba, tana kallonmu baki sake. Tumba ta kawar da kai. Ta ɗaura igiyar ramar, ta mayar da shanya, ta miƙo mini ta tutar ba tare da ta dube ni ba. Kunyar da na ji a hanyar komawa ban taɓa jin irinta ba. Na riƙe sirrin ƙwarya kamar yadda aka koya mini, tausayina ya je ya yi tsegumin.

Litinin, yara sun yi layi, an fito da littattafan rantsuwa, sai na ratsa fili da cikina a gaba, igiya a naɗe a hannu. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, ni na ɗauka, akuyata ce ta addabe ni da shiga gonar mutane. Hedimasta ya dubi igiya, ya dube ni, ya cire hula ya mayar.

“Akuya, Asabe? Igiyar ƙasa kinka ɗaure akuya da ita?”

Na ce ai akuyar ma 'yar ƙasa ce. Wannan kalmar ita ta ja mini, don da na yi shiru da wataƙila faɗa kawai zan sha. Yara suka fashe, malamai suka juya baya kafaɗu na rawa. Ya hana ni kafa kasko a ƙofar makaranta da zama gindin mangwaro har ƙarshen zango. Kafin la'asar sunan Mai-igiya ya zaga Yelwa, mijina ya kwana uku bai zauna majalisa ba. Malama Saratu ba ta tambaye ni komai ba. Da na zo ɗaukar kaskona ta raka ni bakin hanya, ta ce, “A gai da akuya.”

Tumba ta tsira da karatunta da sunanta, amma ta daina gaishe ni. In ta hango ni sai ta canja hanya. Maganar maƙwabciya kuwa ta yi ƙafa. Aka fara cewa idon Inna Ige ya tafi, an ga mai ƙosai tana yi mata jagora. Aka haihu sau biyu a ƙauyen, aka tsallake ta aka kira wata. Na ji an ce ta daina fitowa ko tsakar gida.

Na auna abin, na ga ni na ɓata, kuma abu ɗaya ne gare ni da zan gyara da shi. Na shiga gaya wa duk wanda ya tsaya sayen ƙosai a ƙofar gidana cewa ni ba mai karɓar haihuwata sai Inna Ige. Mijina ya ce ya ji an ce makauniya ce. Na ce ƙarya ne, a gabana ta zura zare a allura. Allah ya yafe mini wannan, da ta akuya. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Ni kaɗai a cikin masu musun na san gaskiyar masu tsegumi ce.

Naƙuda ta zo mini da hantsi, ranar wata Talata. Na aika, suka iso. Tumba na gaba da ƙullin kaya a ka, tsohuwa na biye ta ɗora hannu a kan ƙullin kamar mai tallafa wa yarinya kada ya faɗi. Ɗakina ya cika da mata, rabinsu ba taimako ya kawo su ba, kallo suka zo, har da maƙwabciyar da ta tako tun daga ƙauye. Inna Ige ta wanke hannu, ta durƙusa, ta shafa cikina sama da ƙasa. Sannan ta ɗaga kai ta ce:

“Ku ɗaga labulen ga. Ɗakin ga ya cika duhu, ban ganin abin da nika yi.”

Mata suka dubi juna, ba wadda ta motsa. Ni kuwa ina tsakiyar ciwo na tattara sauran ƙarfina na ce, “Kurame ne ku? Ku ɗaga mata ta gani!”

Aka ɗaga. Haihuwar ta zo da gardama, cibiya ta naɗe wuyan jaririya sau biyu. Ban ga abin da ta yi ba, na dai ji yatsunta, ba gaggawa, ba rawa, tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Can sai kuka. Ta goge jaririya, babban yatsanta ya bi ta kan fuskar sau ɗaya, sannan ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ta karkata kai kamar mai ƙare mata kallo.

“Mace ta. Amma hancin ubanta ta kwaso, Allah shi kyauta.”

Ɗaki ya ɗauki dariya, don duk Yelwa an san hancin mijina. Maƙwabciyar ta fi kowa dariya, kuma ita ce ta fara cewa masu tsegumi ba su ji tsoron Allah ba. Inna Ige ta ƙara shekara shida tana karɓar haihuwa, ta rasu ana yabon kaifin idonta. Ni kuma na ci gaba da zama ɓarauniyar igiya. Hedimasta har ya bar aiki in ya gan ni sai ya dubi sandar tuta. Ban taɓa ba kowa labarin nan ba sai bara, da Tumba ta aiko daga gadon ciwonta na ƙarshe ta ce in ina so in wanke sunana, ta yafe. Ban ga amfanin wanke shi yanzu ba, ya riga ya zauna mini. Ku dai nake gaya wa, kai mai tabarau musamman, don ku san yaro zai ba ku abin da ya fi ƙarfin littafinku, kuma ba zai ce ku taimake shi yadda kuka ga dama ba.

Da zango ya ƙare na koma gindin mangwaro da goyo. Alhamis ta farko Tumba ba ta zo ba. Ta biyu ta zo ta zauna can bakin tabarma. Sai a ta uku, bayan an watse, ta matso gefena ta ja ƙwarya. Muka ɓare ɗaya. Muna tsakiyar ta biyu, tana kallon tafki, ta ce:

“Inna ta ce igiyarki ta rama tana ci mata hannu.”

Washegari na tafi da man kaɗanya na shafe ta tun daga ƙofar ɗaki har banɗaki. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta tambayi abin da nake yi, na ce mata maganin gara ne.